Firinsifal

Daga Turanci muka aro kalmar, su kuma Turawa daga Latin, inda tushenta ke nufin na gaba. Bakin Bahaushe ya gyara ta: p ta koma f, aka cusa wasali tsakanin baƙaƙen farko.

Hedimasta na firamare ne. Firinsifal kuwa sai sakandare, irin su Kwalejin Barewa, wadda aka kafa a Katsina a 1921. Mataimaka biyu ke dafa masa, ɗaya na harkar karatu, ɗaya na mulki. A takarda "shugaban makaranta" ake rubutawa, kuma ni ma shi na fi so. Amma ɗalibi ya hango shi tafe, "Ga firinsifal!" zai raɗa, aji ya yi tsit.