Abin da Keken Shara Ya Bari: 'Yan Tsumma da Dokar Poubelle a Birnin Paris

Duk wanda ya yi makaranta ko aikin ofis a Yamai ko Damagaram ya san kalmar da Faransawa ke kiran kwandon shara da ita, watau poubelle. Asalinta sunan mutum ne. Eugène Poubelle malamin shari'a ne a jami'a kafin ya shiga aikin mulki, aka kuma naɗa shi gwamnan lardin Seine, inda birnin Paris yake, a shekarar 1883. Ran 24 ga watan Nuwamba na wannan shekara ya sa hannu a kan wata doka da ta wajabta wa kowane mai gidan haya ya tanadar wa mazauna gidansa mazubin shara mai murfi, wanda girmansa bai wuce lita 120 ba. Tun daga wannan rana tarkacen gida ya kasu gida biyu: akwai wanda keken hukuma ke kwashewa a ƙofar gida, akwai kuma wanda yake bari. Tarihin kashi na biyun ya fi tsawo, ya kuma fi sarƙaƙiya.

Kafin zamanin Poubelle, mutanen Paris kan zubar da shararsu a bakin titi da dare, da safe kekunan doki su zo su kwashe. Tsakanin zubarwa da kwashewa akwai sa'o'i masu yawa, kuma a cikin waɗannan sa'o'i ne dubban mutane ke neman abincinsu. Su ne ake kira chiffonniers, watau 'yan tsumma. Ɗan tsumma kan fito da kwando goye a baya, da ƙugiya a hannu ɗaya, da fitila a ɗaya hannun, ya bi juji-juji yana tono. Tun shekarar 1828 hukumar 'yan sanda ta sa kowannensu ya yi rajista, ya rataya lambar ƙarfe mai ɗauke da shaidarsa. Sana'ar kuwa tana da matakai kamar kowace sana'a. A ƙasa akwai mai yawo, wanda ba shi da titi nasa. A samansa akwai mai wuri, wanda ya shirya da masu gadin gidajen wani titi, yana fitar musu da shara, yana zaɓen abin da yake so tun kafin kowa ya gani. Har sayar da irin wannan wuri ake yi, ko a gaje shi. A can ƙoli kuma akwai uban ɗaki mai sikeli da rumbu, wanda ke sayen kayan da awo ya kai wa masana'antu. Wanda ya taɓa ganin yadda 'yan bola-jari ke kai ƙarafa wurin mai sikeli a Kano ba zai sha wuyar gane tsarin ba.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne cewa masana'antun ƙarni na 19 sun dogara ƙwarai a kan wannan kwando. Takarda a lokacin da tsumman auduga da na lilin ake yinta, don haka kowace jarida da kowane littafi da aka buga a Paris ya fara rayuwarsa ne a matsayin tsohuwar riga. Tsumman ulu kuma akan yayyaga shi a sake kaɗawa a saƙa sabon yadi. Ƙashi ma dukiya ne: manya a fafe su a yi maɓallai da ƙotar wuƙa, saura a dafa a fitar da manne, ko a ƙona su zama gawayin da ake tace sukari da shi har ya yi fari, ko kuma a ciro sinadarin da ake sa wa kan ashana. Fatar zomo tana zuwa wurin masu yin hula, fasasshen gilashi ya koma tukunyar narki, gwangwanin kifi a yanka shi a ƙera wa yara kayan wasa. Har gashin da mata suka taje suka yar yana da mai saye. A irin wannan gari tambayar inda za a kai tsohon kaya ba ta taso ba, domin mai sayensa yana zuwa har ƙofar gida.

Karon farko da hukuma da 'yan tsumma suka yi ya auku ne a shekarar 1832, sa'ad da annobar kwalara ta kashe mutum kimanin 18,000 a Paris. Hukuma ta kawo sabon tsarin kwashe shara da wuri, don kada ta daɗe a titi. 'Yan tsumma suka ga an zo a raba su da abincinsu, sai suka yi bore a farkon watan Afrilu, suka ƙone waɗansu kekunan, suka jefa waɗansu a kogin Seine. Likitoci suna da gaskiya, 'yan tsumma ma suna da tasu, amma babu wanda ya zauna ya daidaita gaskiyoyin biyu.

Dokar Poubelle ta 1883 ta sake ta da wannan rigima. A rubuce dai doka ce mai hangen nesa, domin ta umarci a raba shara kashi uku: abin da ke ruɓewa daban, takarda da tsumma daban, sa'an nan gilashi da tangaran da ɓawon kawa, wata dabbar teku da Faransawa ke ci, su ma daban. Sai dai masu gidaje sun ƙi kashe kuɗi, masu gadi sun ƙi ƙarin aiki, rabe-raben kuwa bai je ko'ina ba. Abin da ya tabbata kawai shi ne murfi, murfin nan kuwa shi ne ya shiga tsakanin ɗan tsumma da juji. Jaridu suka yi ca, maganar ta kai har majalisar dokoki. A watan Maris 1884 gwamnan ya sassauta, aka yarda ɗan tsumma ya juye mazubin a kan shimfiɗa, ya zaɓi abin da zai zaɓa, ya mayar da saura kafin keke ya iso. Masu wuri suka tsira da sana'arsu, masu yawo kuwa suka sha wuya.

Amma doka ba ita kaɗai ta karya sana'ar ba. Daga wajen shekarun 1870 masu yin takarda suka koma ga niƙaƙƙen itace, farashin tsumma ya faɗi. Masana kimiyyar haɗe-haɗe suka samo abubuwan da suka maye gurbin ƙashi. Gyare-gyaren da Haussmann ya yi wa birnin tsakanin 1853 da 1870 sun riga sun rushe unguwannin talakawa da yawa, 'yan tsumma suka koma bayan ganuwa suka kafa bukkoki. A can ne suka fara baza kayan da suka fi ƙarfin sikeli, irin su tsofaffin kujeru da agoguna da tufafi, har kasuwar Saint-Ouen ta kafu a wajen 1885, wadda take ci har yau. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon ƙarni na 20 aka gina masana'antun niƙa shara da ƙona ta a Saint-Ouen da Ivry da Issy da Romainville. A shekarar 1946 hukuma ta haramta tonon shara a titunan Paris ɗungum.

Ba a daɗe ba sai giɓin ya bayyana. Wani limamin Kirista, Abbé Pierre, wanda ya buɗe gidan Emmaüs a Neuilly-Plaisance a 1949 don marasa matsuguni, ya rasa kujerarsa ta majalisa a 1951, albashin da yake ciyar da gidan ya yanke. Mutanensa suka koma bin juji da kwashe tarkacen ɗakunan ajiya na gidajen mutane, suna gyarawa suna sayarwa. Har yanzu Bafaranshen da ke son rabuwa da tsohon gado ko kabad yana iya kiran Emmaüs su zo su ɗauka. Amma ƙungiyar agaji ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa baki ɗaya, balle a shekarun arziki da suka biyo bayan yaƙin duniya na biyu, sa'ad da firji da talabijin da kayan roba suka cika gidaje. Motar shara ba ta ɗaukar firji, mai sikeli kuma ya tafi. Mutane suka riƙa jibge su a bakin daji da gefen hanya.

Daga nan gwamnati ta shiga gina wa kanta, da kuɗin haraji, abin da 'yan tsumma suke yi a dā ba tare da an biya su ko anini ba. A 1974 aka fara tara kwalabe daban a yankin Champagne-Ardenne. Dokar 15 ga watan Yuli 1975 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin sharar gidaje. A 1980 aka buɗe dandalin karɓar tarkace na farko a Gradignan, kusa da Bordeaux: fili ne mai shinge da mai gadi, inda mutum ke kai kayansa da kansa, ya zuba ƙarfe a nan, katako a can, ɓaraguzan gini da ragowar fenti da baƙin mai kowanne a mazubinsa. Irin waɗannan dandali sun haura 4,000 a Faransa.

Mataki na gaba shi ne mayar da nauyin a kan wanda ya ƙera kayan da wanda ya sayar. Tun 1993 aka kafa tsarin mayar da ragowar magani kantin magani. Daga 2001 kantin da ke sayar da batir dole ya karɓi matacce kyauta. Daga watan Nuwamba 2006 mai sayen sabon firji ko kwamfuta yana biyan ɗan ƙarin kuɗi da aka rubuta a jikin farashi, kanti kuma ya karɓi tsohon. Kujeru da katifu sun shiga irin wannan tsari a 2013. Tsofaffin tufafi suna da akwatunansu a bakin titi, da yawansu na kamfanin Le Relais ne, wanda ya tsiro daga Emmaüs a 1984. Wani kaso na kayan yana ƙarewa a kasuwannin gwanjo na Afirka, kamfanin ma yana da wurin tantance tufafi a Koudougou ta ƙasar Burkina Faso. A cikin Paris kanta, wanda ba shi da motar kai katifarsa dandali yakan nemi hukumar birni ta waya ko ta intanet, a ba shi lamba ya manna a jikin kayan, ya ajiye a ƙofar gida a lokacin da aka yanka masa.

'Yan tsumma dai ba su ɓace ba. Talakawa da tsofaffi masu ƙaramin fansho da baƙin haure sun ci gaba da buɗe mazuban shara da dare, suna baza abin da suka samu a gefen kasuwanni, 'yan sanda na korarsu suna ƙwace kayan. A shekarar 2009 hukumar birnin ta ware musu wuri a ƙarƙashin gadar Porte Montmartre, 'yan taku kaɗan daga kasuwar Saint-Ouen, mai ɗaukar mutum 100, kowanne da katin shaidarsa. Masu neman katin sun fi wuraren yawa nesa ba kusa ba.