Kaskon Niƙa na Romawa

Idan aka ambaci Romawa, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne Kaisar da sojojinsa. Amma masu tonon kufai sun fi samun gutsattsarin kasko fiye da takuba. Ɗaya daga cikin waɗannan kasake shi ne wanda ake kira mortarium da Latin.

Kasko ne na yumɓu mai faɗi, marar zurfi, da leɓe mai kauri domin riƙewa, da ɗan baki na tsiyaye miya. Kafin a gasa shi, magini yakan danna ƙananan tsakuwa masu kaifi a cikinsa, su zama haƙoran niƙa. Ba a tsaye ake daka a ciki kamar turminmu ba. Murzawa ake yi da 'yar taɓarya, sunanta pistillum. Wanda ya zauna a Kumasi ya ga asanka, to ya ga ɗan'uwansa.

Me suke niƙawa? Wata tsohuwar waƙar Latin mai suna Moretum ta ba da labarin wani talaka manomi da ya tashi da asuba, ya niƙa tafarnuwa da cuku da ganyaye da gishiri, ya zuba man zaitun, ya ci da gurasa. Masu arziki kuwa sukan ƙara masoron da ake kawowa daga Indiya.

Romawa sun shiga Birtaniya a shekara ta 43 bayan haihuwar Almasihu. Kafin nan, kaɗan ne irin wannan kasko a ƙasar. Ba da daɗewa ba sai magina suka soma yinsa da yawa a wurare kamar Kolcesta, suna buga sunayensu a leɓensa. Har a ƙauyuka ana tono shi. Ashe mulkin baƙi bai tsaya a fada ba, ya kai har murhu.

Kalmar ma ta yi tafiya. Wajen shekara ta 400, da Jerom ya juya Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ita ya sa a Littafin Ƙidaya 11:8, inda Isra'ilawa suke daka manna. Daga ita kuma Turancin Ingila da Faransanci suka sami sunan turmi da na kwaɓin gini.

Daular ta fāɗi tuntuni, kaskon yana nan, tsakuwarsa ta siɗe saboda aiki. Kada mu rena kayan ɗakin girkin iyayenmu mata. Wata rana su ne za su ba da shaidar yadda muka zauna.