Kaset Ɗin Waƙoƙin Tsofaffin Finafinai: Yadda Ake Gane Su, Tara Su Da Adana Su



Da damina ta bara ɗakin kawuna ya fara yoyo a gidanmu da ke Sundimina, a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, aka ce mu fitar da kayan ciki. Kawu tsohon direba ne, ya daɗe yana jigila tsakanin Birnin Kudu da Kano. A ƙarƙashin gadonsa na jawo wani kwali cike da kaset-kaset na rikoda, kusan duk na waƙoƙin fim. Kafin in ankara yara sun kwashe guda uku, sun zare zaren suna ja a tsakar gida. Wallahi abin ya ba ni haushi. Daga ranar na shiga harkar tara su, kuma ga abin da na koya.

Mene ne kaset ɗin waƙoƙin fim?

Kaset ne na sauraro kawai, babu hoto, wanda ake tara waƙoƙin fim ɗaya ko na finafinai da yawa a ciki. Kamfanin Philips ne ya fito da irin wannan kaset a 1963. Wanda aka rubuta wa C60 yana ɗaukar minti 30 a kowane gefe, C90 kuma minti 45. Da shi iyayenmu suka saurari waƙa a mota, a shagon tela da teburin mai shayi, kafin CD ya zo, daga baya memori da waya su kore su gaba ɗaya.

Daga ina abin ya faro?

Daga Indiya. Tun wajen shekarun 1960 gidajen sinima na Kano ke nuna finafinan Indiya, mutanenmu suka haddace waƙoƙinsu ko da ba sa jin yaren. Shi ya sa a kwalin tsoho za ka iya tarar da Sholay na 1975, wanda R.D. Burman ya yi wa kiɗa, ko Disco Dancer na 1982 da kiɗan Bappi Lahiri.

Namu kuwa, ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, fim ɗin da ake lissafawa a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Amma waƙa ba ta zama uwa da makarɓiya ba sai ƙarshen shekarun 1990, lokacin da sutudiyo irin na Iyan-Tama suka fara haɗa kiɗa da fiyanon Yamaha. A 1999 Sarauniya Films suka saki Sangaya, da Ali Nuhu da Fati Mohammed. Kiɗansa na fiyano ne, amma kunne yana jin kamar kayan kiɗanmu na gargajiya. Bayansa Wasila da Mujadala suka biyo a 2000, daga nan kowane furodusa ya gane cewa waƙa mai daɗi ita ke sayar da fim.

Me ya sa za mu damu da su?

Za ka ce ai waƙoƙin nan suna YouTube. Wasu suna nan, gaskiya ne. To amma duba sunan da aka sa musu. Yawanci sunan jarumin da ya hau waƙar ne, ba na wanda ya rera ba. A finafinanmu, kamar na Indiya, mawaƙi ne ke rerawa a sutudiyo, jarumi kuma ya bi da baki. A Indiya kowa ya san Lata Mangeshkar da Mohammed Rafi. Mu nan fa? Ƙannena da yawa sun ɗauka marigayi Rabilu Musa Ibro ne ke rera waƙoƙinsa, alhali da yawansu muryar Sadi Sidi Sharifai ce. Haka sunayen su Misbahu M. Ahmad, Rabi Mustapha, Sani Yusuf Ayagi da Mudassir Ƙasim suke ta ɓacewa daga bakin 'yan zamaninmu, bayan da muryoyinsu aka raine mu.

Bangon kaset da rubutun ƙarshen fim su ne inda ake samun irin wannan bayani: sunan fim, kamfani, wani lokaci har da mawaƙa da sutudiyo. In takardar ta tafi, shaidar ta tafi. Ga kuma waƙoƙin ƙananan finafinai da babu wanda ya taɓa ɗora su a intanet. Wataƙila kaset ɗin da ke ɗakin kakarka yana cikin 'yan kaɗan da suka rage.

Iri uku da za ka ci karo da su

Na farko, na kamfani: yana da bango mai launi da hoton jarumai. Shi ne ya fi daraja, musamman in bangon bai yage ba.

Na biyu, na mai rikodin: kaset ne fanko irin su TDK, Sony ko Maxell, da mai shago ya ɗaukar wa mutum waƙoƙin da ya zaɓa, ya rubuta suna da biro. Kada ka raina shi. Yana nuna maka abin da mutanen gari ke so a lokacin.

Na uku, kwafin kwafi: sautinsa a dushe, da shuuu a bayansa, bangon kuma hoton kwafi ne mara haske. Ka riƙe shi kawai in ba ka da wani mai irin waƙar.

Ina ake samu?

Ka fara da gida. Ɗakin iyaye mata, tsohuwar adaka, akwatin yayan da ya yi aure ya bari. Sai tsofaffin direbobi, teloli da masu gyaran rediyo, domin sau da yawa akan bar kaset a cikin rikodar da aka kawo gyara ba a dawo karɓa ba. Ni na samu a wurin masu gyara a Birnin Kudu da Gwaram. In ka shiga Kano, ka tambayi tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da Bata, don nan ne cibiyar cinikin kaset a zamanin. Ka yi sallama, ka gaisa da ladabi, ka ce "Baba, don Allah ina neman tsofaffin kaset ne." Dattijo in ya ga kana son abin da gaske, labarin da zai ba ka ya fi kaset ɗin tsada.

Abin dubawa kafin ka karɓa

- Zaren ya kasance a miƙe, ba a cukurkuɗe ba, kuma babu farin fumfuna a jikinsa.
- Ka leƙa ƙasan kaset, a tsakiya akwai ɗan soso ƙarƙashin zaren. In ya faɗi sauti ba zai fita daidai ba, amma ana iya manna wani.
- Ka zura biro a ramin ka juya a hankali. In ya ƙi juyawa, kada ka sa shi a rikoda, za ta cinye zaren.
- Ka saurara, don wani bangon na fim ne, amma an ɗauki wani abu daban a kai.

Yadda ake adanawa

Zafi da laima su ne manyan abokan gabar kaset. Kada ka bar shi a mota, ko kusa da rufin kwano a watan Afrilu, ko a ƙasa da damina. Ka nisanta shi da sifika, don maganaɗisun ciki yana lalata sauti. Ka jera su a tsaye cikin gidajensu saboda ƙurar hunturu. A saman kaset akwai 'yan kunnuwa biyu. Ka karya su, rikoda ba za ta iya ɗaukar wani abu a kai ba. Kan rikodar kuma ka riƙa goge shi da auduga da ɗan sifirit.

Sai babban aikin: ka juye su a kwamfuta. Ka haɗa waya daga ramin iyafis na rikoda zuwa kwamfutar, ka ɗauka da manhajar Audacity, kyauta ce. Ka ajiye a WAV, ka yi kwafin MP3 don wayarka. Ka ɗauki hoton bango gaba da baya. Wajen sa wa fayil suna, ka rubuta fim, shekara da mawaƙi. Abin da ba ka tabbatar ba ka bar gurbinsa, kada ka yi ƙaƙale. Kuma a tuna, waƙoƙin nan suna da masu su, adanawa muke yi, ba sayarwa ba.

Ranar da na gyara rikodar kawu na sa masa Sangaya, shiru ya yi har waƙar ta ƙare. Sannan ya ce, "Ɗana, mayar da ita baya." Sau uku muka ji.

Yau in ka koma gida, ka tambayi Umma ko akwai tsohon kwali a ƙarƙashin gado, tun kafin yara su riga ka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu cikin mawaƙa da jarumanmu, Ya ƙara wa na raye lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.