Ranar Da Ɗan Shekara 24 Ya Riga Dattijo Magana

Yau za mu koma Satumban 1930, birnin Königsberg na Jamus, wanda yanzu yake Rasha da sunan Kaliningrad.

David Hilbert, dattijo ɗan shekara 68, shi ne jagoran masana lissafi a lokacin. Burinsa a kafa wa lissafi ƙa'idojin tushe waɗanda ba sa cin karo da juna, kowace tambaya kuma a samo amsarta daga cikinsu. Ranar 8 ga wata ya yi jawabi, ya rufe da cewa dole mu sani, kuma za mu sani. Maganar tana nan rubuce a kabarinsa.

To, ashe kwana ɗaya kafin nan, a garin dai, wani matashi daga Vienna, Kurt Gödel, ya riga ya rushe burin a wani taro. Kusan ba wanda ya kula sai John von Neumann.

Me ya yi? Ku natsu a nan. Ya gina wata jimla da lambobi zalla, wadda ma'anarta ita ce: ba za a iya tabbatar da ni a wannan tsarin ba. In tsarin ya tabbatar da ita, ya tabbatar da ƙarya ke nan. In ya kasa, to abin da ta faɗa gaskiya ne, amma gaskiyar da hujja ba ta kai gare ta ba. Ka ce bari ka cusa ta cikin ƙa'idojin? Wata irinta za ta ɓullo. A 1931 ya wallafa aikin.

A 1936 Alan Turing na Ingila ya ɗora. Ya siffanta wata na'ura a takarda, ya nuna babu manhajar da za ta duba kowace manhaja ta faɗi ko za ta tsaya ko za ta yi ta juyi har abada. Wannan na'urar takarda ita ce kakar wayar da ke hannunku.

Masu cewa wai Gödel ya nuna lissafi ƙarya ne, a'a fa, biyu da biyu huɗu ne har gobe. Shi kansa abin da ya fahimta shi ne gaskiyar lissafi tana nan, ko mun tabbatar ko ba mu tabbatar ba. Roger Penrose ya zarce a 1989, ya ce wannan hujja ce hankalin mutum ya fi kwamfuta. A ganina ya yi gaggawa, don sai mun tabbatar tunaninmu ba ya cin karo da kansa, kuma wa ya taɓa tabbatar da haka?