Tarihin Abin Sha a Ƙasar Mafara da Bakura da Maradun

Kowace ƙasa da irin abin da mutanenta ke jiƙa maƙogwaro da shi. A Rasha da Polan akwai wata barasa da ake kira bodka, wadda ake tacewa daga hatsi ko dankalin Turawa. Fara ce fat kamar ruwa, ba ta da wani ɗanɗano sai zafi. Saboda haka Turawa sukan gauraya ta da ruwan lemo ko na abarba a gidajensu, su zuba ƙanƙara, don zaƙin ya ɓoye zafin. Amma zaƙi ba ya kashe maye.

Mu ma nan Zamfara haɗa abin sha da 'ya'yan itace ba baƙon abu ba ne. Tun kaka da kakanni mata suna jiƙa tsamiya, su dafa zoɓo, su kaɗa garin kuka ko na ɗorawa, su yi maɗi da ɗinya, su gyara shi da citta da kanumfari. Waɗansu mutane kuma, musamman Maguzawa, giya suke dafawa. Sai a jiƙa dawa har ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a tace, sa'an nan a bar ta ta kwana biyu har ta tashi. Ita ce burkutu. Watau dawar da ke yin kunu ita ke yin giya, barinta ta tashi shi ne bambanci. A kan wannan iyaka malamai da masu mulki suka daɗe suna tsaro.

Wajen shekarar 1786 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya shigo Zamfara, ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi, har ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi ya zargi sarakunan zamanin da ci da shan abin da suka ga dama, ba ruwansu da halal ko haram. Bayan jihadin 1804 sai giya ta bar fada da kasuwa, ta koma ƙauyukan waɗanda ba su musulunta ba.

Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a 1903, ba su rushe wannan hani ba. Dalili kuwa, tun 1890 manyan ƙasashen Turai sun yi alkawari a birnin Burasal cewa ba za a kai barasar kwalba wuraren da ba a saba da ita ba. Don haka aka haramta sayar da ita ga 'yan ƙasa a Arewa, alhali kuwa a Kudu harajinta shi ne babban abin da ke cika baitulmalin Gwamnati. Sai dai da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Gusau ta kai Ƙauran Namoda a 1929, baƙi suka yawaita, kwalba ta sami ƙofar shigowa ta Sabon Gari. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma ta sanya hukunci a kan Musulmin da ya sha giya.

An yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato a 1996. Ran 27 ga Oktoba, 1999, Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau, ta fara aiki a watan Janairu na 2000. Aka rufe gidajen giya, haddin mashayi ya zama bulala tamanin bisa mazhabar Maliku.

To, mai karatu, ka ga dokoki sun sauya hannu daga malamai zuwa Turawa zuwa gwamnoni, kowa da irin tsaronsa. Amma tulun zoɓo da ƙwaryar tsamiya ba su taɓa bukatar izinin kowa ba. Su ake tarbar baƙo da su, su ake buɗa baki da su da azumi, yaro da babba kowa ya sha ya tashi da hankalinsa.