Jiran Saukowar Annabi Isa a Birnin Zazzau: Isawa da 'Yan Mishan, 1900 zuwa 1929

Kiristoci sun yi ittifaƙi a kan cewa Annabi Isa (AS) zai dawo duniya ya yi wa rayayyu da matattu hukunci, kuma wannan magana tana cikin shikashikan aƙidarsu tun ƙarnonin farko. Inda suka saɓa shi ne fassarar shekara dubu da aka ambata a sura ta 20 ta littafin Ru'ya ta Yohanna. Malaman da suka bi Agustin, wanda ya rasu a shekarar 430, sun ɗauki wannan adadi a matsayin kinaya ga zamanin coci gaba ɗaya. A ƙarni na 19 kuwa wani ra'ayi ya yi ƙarfi a tsakanin masu wa'azin bishara na Ingila da Amurka, cewa Almasihu zai sauko tukuna sannan ya yi mulkin shekara dubu, kuma lokacin ya matso. Suka haɗa wannan da abin da ke cikin sura ta 24 ta Linjilar Matta, inda aka rataya zuwan ƙarshe a kan isar da bishara ga dukan al'ummai. Sakamakon haka, duk ƙasar da wa'azinsu bai kai ba ta zama a wurinsu kamar wani shinge da ke jinkirta alkawari. Wannan yana cikin abin da ya sa samari masu ilimi suka riƙa barin Ingila suna tunkarar ƙasashen da zazzaɓi ke kashe Turawa, ba tare da sun ɗauki mutuwa a matsayin asara ba.

A shekarar 1900 wata tawaga ta ƙungiyar CMS, ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta ratsa Zazzau ta isa Kano. Sarkin Kano Alu Babba bai ba su masauki na dindindin ba, ya umarce su da su bar birnin. Suka koma Girku, a kudancin Zariya, inda ɗayansu, Dudley Ryder, ya rasu. A cikin tawagar akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus wurin Hausawa mazauna can. Shi ne ya samu shiga cikin ganuwar Zariya a 1905, a zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya zauna a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Birnin da ya shiga ba baƙo ba ne ga zancen ƙarshen zamani. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan alamomin tashin ƙiyama, ya kuma kore wa kansa da'awar Mahadi a fili. Shigowar shekara ta 1300 bayan Hijira, wadda ta kama a watan Nuwamba na 1882, ta ƙara wa jama'a zaton cewa al'amari ya kusa, musamman da labarin Mahadin Sudan ya bazu, Hayatu ɗan Sa'idu kuma ya yi masa mubaya'a. Bayan faɗuwar Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da ɗimbin jama'a har aka kashe shi a Burmi a watan Yulin 1903, sannan tawayen Satiru ya biyo baya a 1906. Malaman Zariya kuwa suna karantar da hadisan da suka tabbatar da saukowar Annabi Isa a gabashin Dimashƙa da kashe Dujal da zai yi a ƙofar Luddu. Ke nan ɓangarorin biyu suna jiran mutum guda, sai dai abin da kowanne yake jira ya yi ya bambanta ƙwarai. Musulmi na jiran bawan Allah kuma manzo wanda ba a kashe ba, ba a gicciye ba, kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana, wanda zai yi hukunci da shari'ar Annabi Muhammadu (SAW). Kirista kuwa na jiran wanda ya yi imani an gicciye shi ya tashi, zai dawo a matsayin ubangiji mai hukunci.

A tsakanin waɗannan biyun ne wata ƙaramar jama'a ta faɗo, wadda ake kira Isawa. Asalinsu yana komawa ga wani malami na Kano, Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin da suka ambaci Annabi Isa ya kai shi ga fifita shi a kan sauran annabawa. An kashe shi a Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855. Almajiransa suka watse, wasu suka fake a ƙasar Ningi, wasu a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Abin lura a nan shi ne, waɗannan mutane ba su taɓa ganin ɗan mishan ba, ba su karanta Linjila ba. Alƙur'ani suke karantawa, da shi kuma suke kafa hujja, ko da yake tawilinsu ya saɓa wa ijma'in malamai.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo wurin Miller a Zariya. Bisa riwayar 'yan mishan, sun ce Malam Ibrahim ya bar musu wasiyya cewa wasu za su zo da cikakken labarin Isa. Ya kamata mai nazari ya riƙe wannan riwaya da hattara, domin kusan duk abin da aka rubuta a kan Isawa na farko ya fito ne daga alƙalamin waɗanda suka ga zuwan nasu a matsayin cikar addu'arsu, bayan shekara takwas a birni ba tare da mabiya masu yawa ba. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya yi bincike a kansu, ya duba al'amarin ta fuskar tarihin malaman da suka yi wa sarakunan daular tawaye, kuma wannan mahanga ta fi dacewa da abin da aka sani game da Ningi, wadda ta daɗe tana karɓar masu gudun hukuncin Kano.

Waɗanda suka karɓi Kiristanci daga cikinsu aka tara su a wani sabon ƙauye, Gimi, a ƙasar Zazzau, ƙarƙashin kulawar wani fasto baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson. Aka yi gonaki, aka gina coci da makaranta, 'yan mishan suka ɗora wa wurin buri mai yawa. Cikin 'yan shekaru ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya afka wa ƙauyen ya kashe mutane da yawa, har dole aka tashi daga wurin. Waɗanda suka tsira, galibi yara da matasa, suka koma hannun mishan a Zariya.

Zaman cikin birni ma bai ɗore ba. Hukumar mulkin mallaka, wadda ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta tsoma baki a addini ba, ba ta jin daɗin ganin mishan a tsakiyar birnin Musulmi, fadar Zazzau ma haka. A 1929 aka mayar da mishan Wusasa, bayan ganuwa, kusa da dutsen Kufena, inda aka gina cocin St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausa. Shekara uku bayan haka, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Miller ya ba da shekaru masu yawa a kansa. Makarantar Wusasa kuwa ta yaye mutane irin su Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, da Janar Yakubu Gowon. Miller da kansa ya rasu a 1952 a ƙasar Jos, nesa da birnin da ya shiga yana saurayi.