Daga Duba-Gari Zuwa Sharar Asabar a Garin Bauchi

Yaran yanzu suna zaton sharar ƙarshen wata tare da gari aka halicce ta, alhali kuwa tana da mafari, kuma da yawanmu mun ga farkonta da idonmu.

Tun zamanin En'e akwai duba-gari. Iyayenmu sun ce yakan shiga gida ya leƙa randa da masai, in ya ga tsutsar sauro sai tara. Tsoronsa ake ji kamar ɗan doka.

Babban yunƙurin gwamnatin tarayya ya zo ne lokacin soja. A watan Maris 1984 Janar Buhari da mataimakinsa Tunde Idiagbon suka kafa Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wato WAI. Da bin layi aka fara. Tsaftar gari ita ce mataki na biyar, wadda Idiagbon ya ƙaddamar a Kano ranar 29 ga Yuli 1985, har da alkawarin naira miliyan ɗaya ga birnin da ya fi tsafta. A lokacin Sani Sami ne gwamnan soja a Bauchi. To, wata guda bai cika ba Babangida ya karɓi mulki, ranar 27 ga Agusta. WAI ta tafi, amma ta bar mana Asabar ɗin ƙarshen wata: ba fita, ba buɗe shago, daga ƙarfe bakwai zuwa goma na safe.

Gaskiya an ga canji. Daga Wunti zuwa Ƙofar Ran, kowa da tsintsiya da shebur, ana yashe kwata. Sai dai mu 'yan kasuwa mun san wanda ya biya kuɗin wannan kyan gari. A manyan garuruwan ƙasar nan rumfunan bakin titi aka rushe, mai tebur da mai ƙosai aka kora, ba tare da an ce musu ga inda za su koma ba. Shi kuwa mai babban kanti ko gezau. Sannan sharar da aka yaso a tara ta bakin hanya, in motar kwasa ba ta zo ba, ruwan farko ya mayar da ita cikin kwatar da ta fito. Aikin baban giwa ke nan.

Abin da bulala ba ta taɓa ba shi ne masai da ruwan sha. Tsintsiya ba ta hana kwalara. Unguwar da ruwan dam ɗin Gubi bai isa ba, rijiya ake sha, wani gidan ma rijiyar taku kaɗan ce tsakaninta da salga. A 2021 Bauchi ce kan gaba a jihohin da amai da gudawa suka fi kamawa, shekara 36 bayan jawabin Kano.

A 2019 gwamnatin tarayya ta fuskanci wannan kai tsaye. Buhari, wannan karon cikin babbar riga, ya sa hannu kan umarnin hana bahaya a fili, aka ɗiba wa'adin 2025. A jiharmu ƙananan hukumomin Dass da Warji na cikin na farko da aka tabbatar sun daina, Jigawa kuwa a 2022 ta zama jiha ta farko da ta kammala gaba ɗaya. Can gida-gida aka bi, da masu unguwa da limamai, har kowane magidanci ya haƙa nasa masai. Wa'adin 2025 bai cika ba, an mayar da shi 2030.